Riƙe Mini

Babanmu bai taɓa yarda wani abu ya zauna a aljihunsa ba. Mai gyaran wutar lantarki ne, rabin rayuwarsa a saman tsani ya yi ta, kuma a cewarsa duk abin da ke aljihun mai hawa tsani ƙarshensa ƙasa ne, ko kan wani bawan Allah mai wucewa. Don haka duk abin da aka danƙa masa, makulli ne, tabarau ne, takardar likita ce, sai ya miƙa hannun hagu gefe, ko waiwaye ba ya yi, ya ce, "Riƙe mini." A gefen hagun nan kuwa kullum Mama ce.

Ta ce haka ma suka haɗu. Ya zo gyaran fanka a shagon mahaifinta, yana can sama ya kwance wani noti, ya miƙo hannu ƙasa bai duba wanda ke tsaye ba. Ita kuma ta karɓa. In ta kawo nan a labarin sai ta harare shi, ta ce tun ranar take riƙo, har yau Injiniya bai ce ta ajiye ba. Injiniya take ce masa, ko da yake ko ƙofar ajin injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba, shi kuma yana amsawa da ƙarfinsa.

Tana da wata baƙar jaka mai zif biyu, wadda hannunta ya sha ɗinki har ba a gane asalin zarensa. Mu biyu suka haifa, ni auta da Yayana, kuma tun muna yara muke kiran jakar nan ofis. In kana neman wani abu na Baba, ɓata bakinka za ka yi in ka tambaye shi. Ofis za ka nufa, ka jira shugabar ofis ta ga dama.

Ciwon mantuwa bai yi sallama ba da zai shigo mana. Ya fara da sunayen kayan aiki, ya koma kan hanyar gida, sannan ya zo kanmu. Ranar da Baba ya gaishe ni cikin ladabi ya tambaye ni wurin wa na zo, na shige banɗaki na kunna famfo na yi kuka har na gode Allah. Maganarsa ta yi ta raguwa har ta koma 'yan kalmomi, cikinsu har da biyun nan, riƙe mini. Ko ƙishirwa ya daina ganewa. In ka ba shi robar ruwa ba zai kai baki ba, hagu zai miƙa. Sai an karɓa daga wannan hannun, an buɗe, an mayar masa a na dama an ce ya sha, sannan ya sha. In ba a bi wannan hanyar ba, haka zai wuni da ruwan a hannu. Ni ma na koya, ina yi masa in Mama tana wanka, amma kallon da yake yi mini kamar na wadda ta shigo layin da ba nata ba ne.

Abin da ciwon bai taɓa ba shi ne ƙafafunsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hawa da sauka, tafiya ba ta ce masa komai. Sau ɗaya ya taɓa sulalewa daga gida, muka same shi a ƙarshen layinmu tsaye ƙarƙashin falwaya, ya ɗaga kai yana tsaki, wai an yi aikin banza. Mun yi dariya a lokacin, amma daga ranar Mama ta koma kwana da makullin ƙofa ƙarƙashin matashinta.

Wahalar ita ce ranar asibiti. Duk wata suna zuwa wani babban asibiti mai gine-gine haɗe da dogayen barandu, inda mai cikakken hankali ma sai ya yi tambaya kafin ya gano hanyar fita. Tun daga get ɗin shiga Mama take saƙale hannunta a nasa, ba ta saki sai sun dawo gida. Ko banɗaki ba ta shiga. Tun safe take ƙin shan komai don kada fitsari ya matse ta, ga guiwa da ta sa ta a gaba. Ni ina koyarwa a firamare, ba kullum ake ba ni izini ba. Yaya kuwa a wani gari yake aiki, taimakonsa yakan zo ne ta saƙon waya, da dogon bayani a ƙarƙashi.

Shi ya jiyo labarin sabon tsarin da asibitin ya kafa domin masu irin ciwon Baba. Yayana mutum ne da duk abin da ake sa wa caji ya fi yarda da shi a kan ɗan'adam. Ya taso takanas, ya sayi sabuwar waya, ya kwashe mu zuwa wani ƙaramin ɗaki mai sanyi a hawa na ƙasa, inda wata matashiya ke zaune gaban manyan alluna. Ita ke kula da na'urar, ita ta yi mana bayani.

Ta ce a silin kowace baranda da kowane zaure, har zuwa bakin get, an kakkafa wasu ƙananan na'urori. Ta nuna mana ɗaya a samanmu, ni dai murfin kwano na gani. Ba sa ɗaukar hoto, ba sa ganin fuska. Abin da suke ji kawai shi ne ga wani jiki nan yana motsi, sai a zana shi a allo a matsayin ɗigo mai ruwan toka. A ɗaya ɓangaren kuma netwok ɗin asibitin yana sanin inda wayar da aka yi wa rajista take, amma a kintace, ba daidai wa daida ba. Sai kwamfuta ta haɗa biyun. Ɗigon da ya bi inda waya ta bi, ya tsaya inda ta tsaya, ya juya inda ta juya, shi ne mai wayar, sai ta shafa masa ja. In jan ɗigo ya doshi get, abin da ke hannun maigadi zai yi ƙara.

Na tambaye ta ko maigadin zai ga suna ko hoto. Ta ce a'a, lamba ce kawai da launi, saboda sirrin mara lafiya. Yaya ya gyaɗa kai kamar shi ya ƙera abin. Na ce ni dai ban ga yadda murfin kwano zai yi gadin tsoho ba. Ya ce da ma ni tun ina ƙarama ba na ganin komai sai laifi. Mama ba ta sa mana baki ba. Roƙonta ɗaya ne, in sun tare shi kada su kama shi ta baya, ba ya so.

Yaya ya kulle wayar da lambar sirri don kada Baba ya dagula ta, ya zura masa a aljihun gaban riga. Kafin mu kai get Baba ya zaro ta ya miƙa hagu. Nan Yaya ya tsaya a tsakiyar hanya ya yi wa Mama lacca, cewa wannan ɗaya ce ba ta shiga ofis, ko sama da ƙasa za su haɗu. Ta ce ta ji, ai ba yarinya ba ce. A satin nan ta zauna ta ɗinka wa aljihun kowace rigarsa maɓallai masu tsauri, irin waɗanda yatsunsa suka daɗe da kasa ɓallewa.

Wata da watanni abin yana tafiya daidai. Sannu a hankali Mama ta fara zaunar da shi a benci ta shiga banɗaki, ta fito ta same shi inda ta bar shi. Wata rana ta gaya mini, tana 'yar dariya kamar mai faɗin abin kunya, cewa yanzu har shayi take sha kafin su fita. Na ji daɗi ƙwarai, ko da yake ban gaya wa Yaya ba, don kada kansa ya ƙara girma.

Ranar da abin ya faru, ina ofishin malamai lokacin hutun cin abinci saƙon Yaya ya shigo. Asibiti ya aika masa sanarwa cewa mara lafiyarsa ya nufi get, an tare shi, yana ɗakin hutawa lafiya lau. A ƙarƙashin sanarwar ya rubuta, "Ina mai maganar murfin kwano?" Na yi murmushi na amsa masa cewa na janye. Na kira wayar Mama ba a ɗauka ba, ban damu ba, don sau tari a gida take barin ta a caji. Na koma aji na ƙarasa darasi, na sallami yara, na hau mota zuwa asibitin, har da tsayawa sayen ayaba saboda Baba.

Ɗakin hutawan yana daf da get. An sa masa labule masu laushin launi, da kujeru masu taushi, da hoton teku a bango, duk don kwantar da hankali. Da na tura ƙofa, Mama na gani zaune tsakanin wasu mata biyu masu rigar aiki, ɗaya tana shafa mata baya. Ɗankwalinta ya zame, takalmi ɗaya ne a ƙafarta, ga kofin shayi ya huce a gabanta ba ta taɓa ba. Na duba kowace kusurwa, har bayan ƙofa. Na ce ina Baba.

Ta ɗago ta dube ni, muryarta ta dushe ƙwarai.

"Auta, gaya musu ina da miji."

Daga baya ne na haɗa labarin. Likita ya so ya saurari ƙirjin Baba, sai nas ta ɓalle maɓallan aljihu ta ciro wayar don ta tare wuri. Da aka gama ta danƙa masa a hannu, kamar yadda kowane mai hankali zai mayar wa mutum kayansa. A daidai lokacin likita yana yi wa Mama bayanin sabon magani, wanne da safe, wanne bayan abinci, ta tattara hankalinta kaf ta ɗora a bakinsa. Baba ya miƙa hagu. Hannunta ya karɓa, ya zuge zif, ya jefa, ya rufe. Ta rantse mini ba ta san an yi ba, na kuma yarda da ita, don hannun nan ya fi shekara arba'in yana wannan aiki ba ya neman izininta.

Layin karɓar magani ya yi tsawo har ya sha kwana. Ta zaunar da shi a benci, ta ce kada ya tashi, ta bi layi. Da ta dawo, wani mai karyayyar ƙafa ne zaune a wurin. Ta bi barandar sama da ƙasa tana kira. Sai ta tuna da get, ta ce ai can za su tare shi, ta kwasa da gudu da guiwar nan tata, takalmi ya fita ba ta tsaya ɗauka ba. Tana dosar get, abin da ke hannun maigadi ya fara ƙara. Ya duba ya ga jan ɗigo yana tahowa kansa. Ya ɗaga kai ya ga tsohuwa a guje da takalmi ɗaya, tana kiran wanda babu mai ganinsa.

Bai kama ta ta baya ba. Ya sha gabanta da murmushi, ya yi mata sannu, ya tambaye ta ina za a je haka. Ta ce mijinta ya ɓata. Ya ce to, yanzun nan za a nemo shi, ta zo ta zauna tukuna. An koya musu cewa masu wannan ciwo kullum akwai wanda suke nema, miji ko uwa ko ɗan da ya girma tun tuni, kuma ba a musu da su, da to ake bin su. Haka suka yi ta bin ta da to. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta zagi wanda bai ji ba bai gani ba, duk abin da ta yi sai ya ƙara tabbatar musu. Ɗaya daga cikin matan ta tambaye ta yau wace rana ce. Ita kuwa a wannan hali ko sunanta sai ta yi tunani, ta faɗi ta jiya, suka kalli juna. Ta ce a kira 'ya'yanta, suka ce ai tuni an sanar da su. Lambobinmu suna cikin wayarta a gida, ba ta haddace ko ɗaya ba. Nas ɗin da ke da ikon buɗe fayil, wadda da za ta ga mara lafiyar namiji ne, tana can wani sashe ana fama da wani na gaggawa, ba a ga dalilin tayar mata da hankali ba tunda an tare wadda aka tare.

Ban san abin da na faɗa a ɗakin nan ba, na dai san an leƙo daga waje. Na fizgi jakar na zazzage ta a kan tebur. Tabarau, makullai, mataji, ƙullin magani, tsohuwar testar gwada wuta ta Baba mai jan hannu, sai ga wayar ta faɗo a kansu. Mama ta kalle ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta ɗora hannu a baki. Matar da ke shafa mata baya ta janye hannunta a hankali.

Aka kai mu ɗakin nan mai sanyi. Matashiyar ta mayar da allon baya zuwa safiya. Ta nuna mana get, ga ɗigo masu ruwan toka birjik suna shiga da fita, ga wani ja guda ɗaya da ya ɗan fi sauran kauri. Ta ce su ke nan. Na ce ai su biyu ne. Ta ce haka ne, amma yadda suke tafiya manne da juna na'urar ba ta iya raba su, jiki ɗaya take gani, kuma haka take ganinsu duk wata tun da aka fara. Mama tana tsaye a bayana, na ji numfashinta ya canza.

Muka bi jan ɗigon ya shiga ɗakin likita, inda babu na'ura, ya daɗe, ya fito, ya bi baranda a hankali irin tafiyar mai ciwon guiwa. A wajen benci ya rabu biyu. Na ɗan lokaci dukansu suka yi ja-ja suna ƙyaftawa. Sannan ɗaya ya motsa ya nufi layi, wayar ta bi shi, jan ya tattara ya koma kansa. Wanda ke benci ya dushe ya zama toka kamar kowa. Matashiyar ta ce, ba ta dube mu ba, na'urar ba ta san mutum ba, tafiya kawai ta sani. In biyu suka haɗe suka rabu, wanda waya ta bi shi ne mai ita.

Na ce kada ta yarda ɗigon benci ya ɓace mata. Ta ɗora yatsa a kansa. Ya daɗe bai motsa ba, mutane suna wucewa ta gabansa. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau, cewa ya ji maganarta, ya jira. Can sai wani ɗigo ya zo ya zauna a hagunsa. Da wannan ya tashi, shi ma ya tashi. Ya jera da shi, in ya rage tafiya ya rage, in ya ƙara ya ƙara, suka bi baranda, suka ratsa zaure, suka wuce ta gaban wani ɗigo da ke tsaye a bakin get. Babu abin da ya yi ƙara. Daga nan allon ya ƙare, yatsan matashiyar ya sauka a kan baƙin gefensa.

Maigadin yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da hularsa a hannu. Dattijo ne, zai yi sa'an ƙanen Baba. Ya ce ya tuna shi, wani tsoho tsaf-tsaf, aljihun rigarsa a ɓalle, yana tafe gefen wata mata mai babbar baƙar jaka, har ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauka miji da mata ne. Na buɗe baki zan ci mutuncinsa, na ga idanunsa, na rufe. Fushin nan yana nan a ƙirjina har yanzu, ban sami wanda zan sauke wa ba. Nas ta mayar wa mutum kayansa, maigadi ya yi abin da aka koya masa, na'ura ta bi waya. Na ji an ce yanzu sun gyara, maigadi yana ganin hoto. Madalla da su.

Yaya ya iso a ranar, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai zo da bayani ba. Muka buga hotuna muka manna a bango da tashoshin mota, muka je wurin 'yan sanda, muka bi asibitoci. Matar mai baƙar jaka ba a taɓa gano ta ba. Mai yiwuwa mota ta hau abinta, ba ta ma san wani ya raka ta ba. Maigadin in ya tashi aiki sai ya karɓi hoto ya shiga unguwanni da ƙafa, ba wanda ya sa shi. Lokacin zafi ne, kwalta kamar za ta narke. Mun yi mun yi Mama ta zauna a gida ko zai dawo da kansa, ta ce mutumin da ya manta hanyar banɗaki ne zai dawo da kansa? Ta bi mu tana ɗingishi da jakarta a kafaɗa, ta ce a duba gindin kowace falwaya.

Kwanaki suka fara tafiya, an neme shi sama ko ƙasa an rasa. Sai a wani gidan mai can bayan gadar sama, nesa da inda muka yi zato, mai zuba mai ya karɓi hoton ya ce tabbas ya gan shi. Tun ranar farko ne, da yamma, zaune a kan dakalin da ke kusa da inda ake ba taya iska. Ganin shigarsa ya sa ya ɗauka wani yake jira. Da ya lura rana ta dake shi leɓɓansa sun bushe, ya sayo masa robar ruwa mai sanyi. Tsohon ya karɓa, ya miƙa gefe yana cewa a riƙe masa, alhali ba kowa a wurin. Shi kuma ya zagayo ta gefen don ya ji me yake faɗa, sai ya miƙo masa robar.

Mama ta matso kusa da shi.

"Ka karɓa?"

"Haba Mama, ina ni ina karɓar abin da na bayar? Na ce masa, Baba, naka ne, sha abinka. Yana miƙo mini ina tura masa hannun, har motoci suka taru na koma bakin aiki. Ko da na waiwayo ya tafi da ruwansa."

Ya faɗi haka yana murmushi, irin na mutumin da ya yi alheri yana jiran a sa masa albarka. Mama ta sa masa albarka. Sannan ta zauna a kan dakalin ta ɗora jakar a cinya. Yaya ya juya mana baya yana kallon titi, kafaɗunsa suna motsi. Mai zuba man bai gane dalilin shirunmu ba, mu kuma ba mu gaya masa ba.

Kiran ya zo ne daga wani ƙaramin asibiti a gefen gari. Leburori da suka je aiki a wani fili mai katanga sun tsinci wani tsoho kwance a gindin falwaya, da sauran numfashi. Likitan ya tare mu a baranda. Ya yi maganar ƙoda, ya yi maganar bushewar jiki, ya ce sun yi iya yinsu, in akwai wanda ya kamata a kira a kira shi yanzu.

Gadon yana manne da bango ta hagu. Baba ya ƙanƙance har na yi shakkar ko shi ne, fuskarsa ta ƙone, leɓɓansa sun tsattsage. An sa masa ƙarin ruwa a hannun dama. Hannun hagun yana miƙe ya tokari bango, riƙe da robar. Takardar jikinta ta saɓule, amma ruwan yana nan har wuya, murfin ko motsa shi ba a yi ba. Nas ta ce sun yi sun yi su cire ta ya ƙi saki, sai suka ƙyale shi don kada su ji masa ciwo.

Mama ta ce Yaya ya ja gadon. Ya ja. Ta kutsa tsakanin gado da bango da jakarta, ta tara hannu a ƙarƙashin robar. Ba ta ja ba.

"Kawo, Injiniya. Na zo."

Yatsunsa suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta murɗa murfin ya yi 'yar ƙara. Ta miƙa ta saman ƙirjinsa zuwa hannun dama mai allura. Nas ta ce mata a hankali ba zai iya haɗiya ba. Mama ta ce ta sani. Ta sa masa robar a tafin hannu duk da haka, ta rufe yatsunsa da nata, ta ce ya sha.

Haka ta tsaya a sunkuye, da guiwar nan tata mai ciwo, ta ƙi yarda a kawo mata kujera. Ni da Yaya muna ƙarshen gado, ba wanda ya iya duban wani. Kafin rana ta faɗi ya cika. Da nas ta zo za ta rufe shi, ta kai hannu za ta ɗauke robar, Mama ta ce a bari, ita ke riƙe masa.